Lamba mai alƙaluma miliyan 41: abin da aka sani a kanta, da yadda aka sani

A ranar 12 ga Oktoba, 2024, wata kwamfuta a birnin San Antonio na jihar Teksas ta Amurka ta kai ƙarshen wani dogon lissafi, amsar da ta fito kuwa sifiri ce. Wannan sifirin shi ne shaidar da ta tabbatar cewa 2¹³⁶²⁷⁹⁸⁴¹ − 1 lamba ce mara rabuwa, wato babu lambar da za ta raba ta daidai ba saura in ban da 1 da ita kanta. Ma'anar rubutun ita ce a jera 2 har sau 136,279,841, a ninka su da juna, sannan a ɗebe 1. In aka baje ta a irin rubutun lambobi da muka saba, alƙalumanta 41,024,320 ne. Ta fara da 881694, ta ƙare da 871551. Wanda zai karanta alƙalami ɗaya a kowace daƙiƙa, ba barci ba hutu, sai ya kwashe wajen kwana 475 kafin ya kai ƙarshenta. Luke Durant, tsohon ma'aikacin kamfanin NVIDIA mazaunin San Jose a Kalifoniya, shi ya gano ta, kuma ta zarce wadda ke riƙe da kambun mara rabuwa mafi girma da aka sani tun watan Disamba na 2018 da alƙaluma sama da miliyan 16.

Galibin waɗanda suka ba da labarin a kan girman suka tsaya. Ni a ganina girman shi ne mafi ƙarancin abin da ya cancanci tunani a cikin lamarin. Tambayoyin da suka fi nauyi biyu ne. Ta yaya aka tabbatar da cewa lambar da ba mahaluƙin da ya taɓa karanta ta daga farko zuwa ƙarshe ba ta rabuwa? Kuma me ya sa ita aka gano, alhali akwai ire-irenta bila adadin a gabanta da bayanta? Amsar duka biyun tana cikin sigar lambar, wato yadda aka gina ta, kuma daga sigar ne ake sanin dangin da take ciki da waɗanda ba ta ciki.

Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta babin rabon gado ya riga ya taɓa tushen wannan fage. A can ana duba lambobi biyu a ga mene ne tsakaninsu: ko tamasuli ne in daidai suke, ko tadahuli in ɗaya ta shiga cikin ɗaya kamar 3 da 6, ko tawafuƙi in akwai wata lamba da ke raba su duka kamar 4 da 6, ko kuwa tabayuni in ba abin da ya haɗa su kamar 3 da 4. Lamba mara rabuwa ita ce wadda tabayuni ne tsakaninta da kowace lamba da ke ƙasa da ita: 2, 3, 5, 7, 11, 13, haka nan. Sauran lambobi duka da waɗannan ake gina su, kuma kowace hanya ɗaya tak gare ta. 360 ita ce 2 × 2 × 2 × 3 × 3 × 5, ba wata hanyar.

Tun wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, Yuklid na Iskandariyya ya nuna cewa ba su da iyaka. Hujjarsa gajeriya ce. Ka ɗauki duk marasa rabuwar da kake da su, ka ninka su da juna, ka ƙara 1. Abin da ya fito, ko wacce daga cikinsu ka raba shi da ita saura 1 zai rage. To ko dai shi kansa ba ya rabuwa, ko kuwa wata da ba ta cikin jerinka ce ke raba shi. Mutane kan yi kuskure su ɗauka ko da yaushe ta farkon ce ke faruwa. Ba haka ba ne: 2 × 3 × 5 × 7 × 11 × 13 + 1 ya ba da 30,031, wadda ita ce 59 × 509. Ko ta wace fuska dai an samu sabuwa. Saboda haka babu mara rabuwa mafi girma, sai dai mafi girma da aka sani.

Suna raguwa in ana hawa, amma a hankali. Akwai 25 ƙasa da 100, akwai 168 ƙasa da 1,000, akwai 78,498 ƙasa da miliyan ɗaya. A 1896 Jacques Hadamard da Charles de la Vallée Poussin, kowa a nasa ɓangaren, suka tabbatar da ƙa'idar da ke auna wannan raguwa. In aka yi aiki da ita a unguwar lambar Durant, za a ga kusan ɗaya cikin kowace lamba miliyan 94 ba ta rabuwa. Wannan na nufin tsakanin lambar 2018 da ta 2024 akwai marasa rabuwa da yawansu kansa lamba ce mai alƙaluma sama da miliyan 41, kuma kusan dukkansu ba wanda ya san ko ɗaya. An tsallake su ne saboda babu hanyar gwada su cikin lokacin da ɗan Adam zai iya jira.

Hanyar da ake koya wa yara a makaranta ita ce a yi ta gwada rabawa: da 2, da 3, da 5, har a kai lambar da in aka ninka ta da kanta ta kai wadda ake gwadawa. Don 97 gwaji huɗu sun isa. Don lambar da muke magana, iyakar da za a kai tana da alƙaluma miliyan 20 da rabi. Masana kimiyya na ƙiyasta cewa ƙwayoyin zarra da ke duk sararin da ake iya hange lamba ce mai alƙaluma wajen 80 kacal. Ke nan ba batun ƙara wa kwamfuta sauri ba ne, wannan hanyar a rufe take har abada. Dole a sami wata.

Lambobin da ke da siga 2ᵖ − 1, inda p, wato lambar sama, ke nuna sau nawa aka jera 2, ana jingina su ga Marin Mersenne, wani malamin coci Bafaranshe da ya rayu daga 1588 zuwa 1648, ya kuma shahara da musayar wasiƙu da manyan masana na zamaninsa irin su Fermat da Descartes. Abu na farko game da su yana da sauƙin gani: in lambar sama tana rabuwa, sakamakon ma zai rabu. 6 ita ce 2 × 3, shi ya sa 2⁶ − 1, wato 63, take rabuwa da 2² − 1 (3) da kuma 2³ − 1 (7). Wannan ya kawar da mafi yawan 'yan takara a bugu ɗaya, ya kuma gaya mana cewa ita kanta 136,279,841 ba ta rabuwa. Sai dai ƙa'idar ba ta juyuwa. 2, 3, 5 da 7 sun ba da 3, 7, 31 da 127, duka lafiya, amma 11 ta ba da 2,047, wadda ita ce 23 × 89. Hudalricus Regius ne ya nuna haka a 1536.

A dubi 23 da 89 ɗin nan da kyau, don akwai tsari a cikinsu. 23 ita ce 2 × 11 + 1, 89 kuma 8 × 11 + 1. Fermat ya gano a 1640 cewa duk mara rabuwar da za ta raba 2ᵖ − 1, in p wutiri ce mara rabuwa, dole ta kasance ninkin 2p ne da ƙarin 1. Daga baya aka ƙara da cewa in an raba ta da 8 sauran da zai rage 1 ne ko 7. Don lambarmu, wannan na nufin ba a ma buƙatar duba komai ƙasa da 272,559,683. Da irin wannan tankaɗe masanin lissafi Leonhard Euler ya tabbatar a 1772 cewa 2³¹ − 1, wato 2,147,483,647, ba ta rabuwa.

Shi kuwa Mersenne, a 1644 ya fitar da jerin lambobin sama da ya ce su kaɗai ne ke aiki har zuwa 257: 2, 3, 5, 7, 13, 17, 19, 31, 67, 127 da 257. Sai da aka shafe kusan ƙarni uku kafin a gama tantance jerin, kuma an same shi da kuskure biyar. 67 da 257 ba sa ciki, ya kuma tsallake 61, 89 da 107. Batun 67 ya yi suna saboda yadda aka kammala shi. A 1903, a wani taron masana lissafi a New York, Frank Nelson Cole ya nuna a allo cewa 2⁶⁷ − 1 daidai take da 193,707,721 × 761,838,257,287. Abin lura shi ne Édouard Lucas ya riga ya san tun 1876 cewa lambar tana rabuwa, ba tare da ya san abin da ke raba ta ba. Wannan shi ne sabon abu, kuma shi ne ya buɗe ƙofar duk abin da ya biyo baya: ana iya yanke wa lamba hukunci ba tare da an nemo mai raba ta ba.

Gwajin da Lucas ya assasa, Derrick Lehmer ya gyara shi a 1930, kuma ɗan sakandare zai iya yin sa a takarda. A fara da 4. A ninka ta da kanta, a ɗebe 2, a raba da lambar da ake gwadawa, a riƙe sauran. A maimaita haka da sauran, har sau p − 2. In sifiri ya fito a ƙarshe, lambar ba ta rabuwa. In wani abu dabam ya fito, tana rabuwa. Babu "wataƙila" a ciki.

Mu gwada da 127, inda p take 7, zagaye biyar ke nan. 4 × 4 − 2 ya ba da 14. 14 × 14 − 2 ya ba da 194, saura 67. 67 × 67 − 2 ya ba da 4,487, saura 42. 42 × 42 − 2 ya ba da 1,762, saura 111. 111 × 111 − 2 ya ba da 12,319, wadda ita ce 127 × 97 cif, saura sifiri. In kuma aka gwada 2,047 da zagaye tara, jerin zai tafi 14, 194, 788, 701, 119, 1,877, 240, 282, ya tsaya a 1,736. Ba sifiri ba ne, saboda haka tana rabuwa, ko da yake ba inda 23 ko 89 suka leƙo a cikin lissafin. Ina ba duk malamin lissafi shawara ya sa ɗalibansa su yi waɗannan biyun da hannunsu, don lissafin da aka yi a San Antonio shi ne wannan ɗin, ba ƙari ba ragi, sai dai zagayensa 136,279,839 ne.

Da irin wannan dabarar Lucas ya tabbatar da 2¹²⁷ − 1, mai alƙaluma 39, a 1876, da hannu. Ta riƙe kambu shekara 75, har 1951. A 1952 Raphael Robinson ya ɗora gwajin a kan wata kwamfuta mai suna SWAC a Los Angeles, cikin shekarar kaɗai ya samo sababbi biyar: 521, 607, 1,279, 2,203 da 2,281.

Akwai dalili na biyu da ya sa wannan dangin ya fi sauran sauƙin gwaji, kuma ba a cika ambatonsa ba. Kwamfuta da sifiri da ɗaya take ƙirga. A wannan ƙidayar 3 ita ce 11, 7 ita ce 111, 31 ita ce 11111. Lambar Durant ɗaya ce a jere sau 136,279,841, ba sifiri ko guda. Matsayinta a wurin kwamfuta shi ne matsayin 9, 99 da 999 a wurinmu. Wanda ke son sanin sauran 123,456 in an raba ta da 999 ba ya buƙatar doguwar rabawa: ya yanka ta uku-uku ya tara, 123 + 456, ya sami 579, kuma shi ne sauran. Haka kwamfuta ke yi a kowane zagaye, ta yanka ta tara, rabawar da ita ce mafi tsada ta zama kusan kyauta. Abin da ya rage shi ne ninka lamba mai alƙaluma miliyan 41 da kanta, wannan kuma ana yin sa ne da dabarar Fourier, wata hanyar gaggauta ninka manyan lambobi, wadda Richard Crandall da Barry Fagin suka daidaita ta da lambobin Mersenne a 1994. In aka haɗa waɗannan, za a gane me ya sa kusan duk manyan lambobin da ke saman jeri 'yan gida ɗaya ne. Ba yawa suka fi sauran ba, hasali ma su ne marasa yawa. Su ne dai muke da makamin gwada su.

Yanzu ga abin da ya fi burge ni. Mutum da alƙalami da takarda zai iya faɗin halayen wannan lamba da dama ba tare da ya ga alƙalumanta ba.

Alƙalamin ƙarshe na ninke-ninken 2 zagaye yake yi: 2, 4, 8, 6, sai a koma 2. In an raba 136,279,841 da 4 saura 1, ke nan a 2 aka tsaya, a ɗebe 1, lambar ta ƙare da 1, daidai da abin da kwamfuta ta buga. Da irin wannan lissafin a kan 9 za a ga saura 4 ne. Wato da wani zai tara alƙaluman nan miliyan 41 ɗaya bayan ɗaya, ya sake tara alƙaluman jimillar, ya ci gaba har ya rage guda, 4 zai samu.

Masana sun raba marasa rabuwa na wutiri gida biyu: masu saura 1 in an raba su da 4, da masu saura 3. Fermat ya faɗa, Euler ya tabbatar, cewa 'yan gidan farko ana iya rubuta kowaccensu a matsayin jimillar murabba'i biyu, wato lambobi biyu da aka ninka kowacce da kanta, kamar 13 da take 4 + 9, ko 29 da take 4 + 25. 'Yan gida na biyu ba sa yiwuwa ko kaɗan. 2ᵖ yana rabuwa da 4, in an ɗebe 1 saura 3 zai rage, saboda haka lambarmu a gida na biyu take, ita da duk danginta. Babu lambobi biyu a duniya da za a ninka kowacce da kanta a tara su ba da ita.

Akwai waɗanda ake kira tagwaye, masu tazarar 2 a tsakani, kamar 11 da 13 ko 29 da 31. In aka ƙara wa lambarmu 2 za a sami 2ᵖ + 1, wadda ko da yaushe 3 ke raba ta in p wutiri ce, saboda haka ba ta da tagwai a samanta. Har yau ba a tabbatar da cewa tagwaye ba su da iyaka ba, ko da yake Yitang Zhang ya nuna a 2013 cewa akwai marasa rabuwa bibbiyu ba iyaka da tazararsu ba ta kai miliyan 70 ba, wasu kuma suka rage tazarar zuwa 246. Tagwayen da aka gano a 2016, waɗanda aka yi ta murna da girmansu, alƙaluma 388,342 gare su. A kwatanta da miliyan 41 a ga bambancin da gwaji mai sauƙi ke kawowa.

Sai dangin Sophie Germain, Bafaranshiyar da ta yi aiki a kansu a farkon ƙarni na 19: mara rabuwar da in aka ninka ta biyu aka ƙara 1 aka sake samun mara rabuwa, kamar 11 da ke ba da 23. Lambarmu ba ta ciki, don ninka ta biyu da ƙara 1 na ba da 2ᵖ⁺¹ − 1, lambar saman ta koma shafa'i, 3 kuma ta raba. Amma dangin nan biyu suna da wata alaƙa ta bayan fage. In p tana cikin dangin Germain kuma saura 3 take bari in an raba ta da 4, to 2p + 1 za ta raba 2ᵖ − 1. Abin da ya kayar da 11 ke nan, shi ne kuma ya kayar da 23, wadda 47 ke raba tata. Dangin Fermat kuwa, masu ƙarin 1 maimakon ragi, biyar kaɗai aka sani a cikinsu: 3, 5, 17, 257 da 65,537. Fermat ya zaci duka jerin haka yake, sai Euler ya nuna a 1732 cewa 641 na raba ta shida.

Alaƙar da ta fi daɗewa ita ce ta lambobi cikakku. Cikakkiyar lamba ita ce wadda in aka tara duk masu raba ta, ban da ita kanta, aka dawo kanta: 6 ita ce 1 + 2 + 3, 28 ita ce 1 + 2 + 4 + 7 + 14. Sai 496, sai 8,128. Yuklid ya nuna cewa duk lokacin da 2ᵖ − 1 ba ta rabuwa, in aka ninka ta da 2ᵖ⁻¹ za a sami cikakkiya: 3 × 2, 7 × 4, 31 × 16, 127 × 64. Masanan duniyar Musulmi sun daɗe a kan wannan. Sabit bin Ƙurra ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 9 a kan lambobi masu kama da su, Ibnul Haisam ya yi ƙoƙarin nuna cewa hanyar Yuklid ita ce kaɗai hanya, Ibnu Fallus kuma a ƙarni na 13 ya kawo ta biyar, 33,550,336, a cikin jerinsa. Euler ne ya kammala hujjar: duk cikakkiyar lamba ta shafa'i daga hanyar Yuklid take fitowa. Saboda haka ranar da aka tabbatar da lambar Durant, a ranar aka sami cikakkiyar lamba ta 52, mai alƙaluma 82,048,640. An san da 6 ta ƙare, an kuma san ita ce jimillar 1 + 2 + 3 har zuwa lambar Durant, kamar yadda 28 take jimillar 1 zuwa 7. Ko akwai cikakkiyar lamba ta wutiri? Tambayar ta haura shekara dubu biyu ba amsa. Abin da aka iya nunawa a 2012 shi ne in akwai ta, to alƙalumanta sun wuce 1,500.

Neman waɗannan lambobi a yau aikin gayya ne. George Woltman ya kafa shirin GIMPS a 1996, ya rubuta manhajar da kowa zai iya sa wa a kwamfutarsa ta gida, a ba shi lambar sama guda ya gwada. Ta farko ta fito a watan Nuwamba na shekarar, a hannun Joel Armengaud a Faransa. Daga nan zuwa 2024 sun samo 18, kuma 17 na farko duk a kan kwamfutoci na yau da kullum aka same su, a gidaje da ofisoshi da jami'o'i. Ta 2018, 2⁸²⁵⁸⁹⁹³³ − 1, a kwamfutar Patrick Laroche na jihar Fulorida ta fito. Durant ya bi wata hanya. Daga watan Oktoba na 2023 ya riƙa hayar na'urorin GPU, waɗanda asali don sarrafa hotuna aka ƙera su amma yanzu su ke ɗauke da aikin ƙirƙirarriyar basira, dubbai daga cikinsu a cibiyoyin bayanai da ke ƙasashe 17, yana amfani da manhajar da Mihai Preda ya rubuta. Rahotanni sun ce ya kashe kusan dala miliyan 2 daga aljihunsa. Ladan da shirin ke bayarwa dala 3,000 ne.

Wannan sauyin ya dame ni kaɗan. Kyawun shirin a da shi ne ɗalibi mai tsohuwar kwamfuta na iya dacewa, ko da damarsa ƙanƙanuwa ce. Yanzu damar ta ƙara ƙanƙancewa. Duk da haka ba zan zargi Durant ba. Sakamakonsa a buɗe yake ga kowa, wasu sun sake gwada shi a kan na'urori dabam da manhajoji dabam kafin sanarwar ranar 21 ga Oktoba, kuma dubban lambobin da ya gwada suka faɗi sun rage wa kowa aiki.

Akwai wani bambanci a cikin kwanakin da ya kamata a fahimta. Ranar 11 ga Oktoba wata na'ura a Dublin ta ƙasar Ailan ta fara ba da rahoton cewa mai yiwuwa lambar ba ta rabuwa. Gwajin da ta yi na Fermat ne (a ɗauki ƙaramar lamba kamar 2 ko 3, a jera ta sau n − 1 a ninka su da juna, a ga ko saura 1 zai rage in an raba da n, lambar da ake gwadawa), wanda shirin ya koma amfani da shi a matakin farko saboda Robert Gerbicz ya samo hanyar kama kuskuren na'ura a cikinsa tun ana cikin lissafi. Matsalar gwajin Fermat ita ce wasu lambobi masu rabuwa na iya tsallake shi. 341, wadda take 11 × 31, tana tsallakewa in da 2 aka gwada, 561 kuwa tana tsallakewa da duk lambar da ke tabayuni da ita. Lambobin Mersenne ma gaba ɗayansu, in p ba ta rabuwa, suna tsallakewa da 2, har da 2,047, shi ya sa da 3 ake gwada su. A wannan girman, yiwuwar a ruɗi gwajin ta yi ƙanƙantar da ba ta da wata ma'ana a aikace. Amma lissafi ba ya karɓar "kusan tabbas" a matsayin hujja, shi ya sa aka ɗauki 12 ga wata, ranar da gwajin Lucas da Lehmer ya fitar da sifiri, a matsayin ranar ganowa. Ina ganin sun yi daidai.

Haka kuma ana ce mata ta 52 da aka sani cikin marasa rabuwa na Mersenne, ba ta 52 a jere ba. Lokacin da aka sanar da ita ba a gama tantance duk lambobin sama da ke ƙasa da 136,279,841 ba, kuma tarihi ya nuna wannan taka-tsantsan ɗin ba na banza ba ne. A watan Agusta na 2008 aka gano mai lambar sama 43,112,609 a jami'ar UCLA da ke Los Angeles. Mako biyu bayan nan aka gano mai 37,156,667 a Jamus, a 2009 kuma mai 42,643,801 ta fito a Norwe, duka biyun ƙasa da wadda aka riga aka sani.

Mutane kan tambaya mene ne amfaninta, wasu kuma su yi gaggawar cewa tsaron intanet. Wannan ba gaskiya ba ne. Tsarin RSA na 1977, wanda ake kare bayanan banki da saƙonni da irinsa, yana aiki ne da marasa rabuwa biyu masu alƙaluma wajen 300 kowacce, kuma ƙarfinsa yana cikin ɓoye su. Lambar da duniya ta sani, mai alƙaluma miliyan 41, ba ta da wurin zama a nan. 'Yan uwanta ƙanana ne suka shiga aiki. 2¹⁹⁹³⁷ − 1, da Bryant Tuckerman ya gano a 1971, a kanta Makoto Matsumoto da Takuji Nishimura na Japan suka gina hanyar fitar da lambobin ƙuri'a a 1997, wadda manhajoji da yawa ke amfani da ita har yau. Lambar Euler, 2,147,483,647, ita ce iyakar ƙidayar tsofaffin tsare-tsaren kwamfuta da dama, shi ya sa agogon wasunsu zai cika ranar 19 ga Janairu, 2038 in ba a sabunta su ba. Manhajar Woltman kuwa masu haɗa kwamfuta na gwada ƙarfin na'ura da ita, kuma ita ta tono wani aibi a na'urorin Skylake na Intel wanda kamfanin ya amsa a farkon 2016. Waɗannan duk riba ce ta gefe. Ita babbar lambar ba don amfani aka neme ta ba, kuma ban ga dalilin ƙirƙira mata wani ba. Lokacin da Tuckerman ya samo tasa, shi ma ba abin da za a yi da ita a ƙasa.

Abin da kowace sabuwa ke ƙarawa shi ne shaida a kan tambayar da ta gagara: shin marasa rabuwa na Mersenne suna da iyaka? Hujjar Yuklid ba ta aiki a nan. Lenstra, Pomerance da Wagstaff sun yi hasashen cewa ba su da iyaka, kuma a matsakaici kowace lambar sama kan ninka ta bayanta wajen sau ɗaya da rabi. Daga 82,589,933 zuwa 136,279,841 ninkin 1.65 ne, bai yi nisa da hasashen ba. Amma misali 52 ba hujja ba ne, kuma ko miliyan za a samu ba za su zama hujja ba. Abin da ya fi ban mamaki shi ne ɗaya ɓangaren ma a buɗe yake: ba a tabbatar da cewa masu rabuwa a cikin dangin, inda p ba ta rabuwa, ba su da iyaka ba, alhali kusan duk wadda aka gwada faɗuwa take yi.

Gidauniyar EFF ta Amurka, mai kare 'yancin masu amfani da intanet, ta biya dala 50,000 ga lamba ta farko mai alƙaluma miliyan ɗaya, wadda aka gano a 1999, ta kuma biya dala 100,000 ga mai miliyan 10, wato ta UCLA. Akwai dala 150,000 a ajiye don mai alƙaluma miliyan 100. Kafin a kai nan sai lambar sama ta haura miliyan 332, kuma a wannan matakin kowane gwaji guda zai ci aikin da ya ninka na lambar Durant fiye da sau shida, don zagayen sun ƙaru, lambar da ake ninkawa a kowane zagaye ita ma ta ƙaru.